Yadda Na Je Abzin Koya wa Mutane Rana

A Kano, duk wanda ya taɓa haɗa jar waya da baƙa bai mutu ba, Injiniya ne. Ni kuwa har takarda gare ni, mai hatimi, na sa an yi mata gilashi na rataye a shago, sama da inda nake jera batura. Saboda haka da wata ƙungiya ta aiko tana neman wanda ya san aikin sola, yake kuma jin Hausa, ya je ya horar da wasu makiyaya Abzinawa a dajin Ingal, ban tsaya shawara da kowa ba. Na ce wa uwargida zan je in kai wa bayin Allah haske. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, in kuma na ga cuku mai kyau in taho mata da shi.

Iyakar sanina game da Buzaye a lokacin bai wuce mai gadin layinmu ba, da rawaninsa da takobinsa da butar shayinsa. Na san akwai unguwar Agadasawa a cikin birni. Na san turkuɗin da ake rinawa a Kura, a buga shi har ya yi ƙyalli, can arewa ake kai shi su naɗa. Da wannan ɗan guzurin na yanke hukuncin cewa mutanen suna zaune cikin duhu suna jirana. Na haɗa kaya: kwamfuta cike da hotuna, majigi, ƙaramin janareto, manyan faya-fayan sola, batir mai nauyin ɗan maraƙi, ƙarafan girke, da buhunan siminti. Na sayi hular kwano fara da 'yar riga mai ƙyallin nan ta ma'aikatan titi, domin a gane ni daga nesa.

Muka bi ta Daura, muka tsallaka Kwangwalam, Matamaye, Damagaram, Tanut, har muka hango hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da laka zalla, tsawonta mita 27. A nan aka haɗa ni da tafinta, wani saurayi Ba'abzine mai sanyin magana da ya yi karatu a jami'ar Yamai. Ya dubi hular kwanona ya ce, "Injiniya, da ka bari mun saya maka rawani." Na ce masa mu a aikinmu akwai ƙa'ida. Bai sake magana ba. Ingal tana da nisan kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, kuma mun je ne a ƙarshen damina, cikin Satumba, lokacin da makiyaya Abzinawa da Fulani Bororo ke taruwa a yankin domin dabbobinsu su lasa ƙasa mai gishiri su sha ruwanta. Kafin mu isa zangon da aka tura mu, leɓena ya tsage, wuyana ya gasu, ƙwaƙwalwata kuma tana dahuwa a hankali a cikin ƙa'ida.

Washegari na shirya fara darasi ƙarfe tara daidai. Aka zaunar da mu a inuwa gaban babban zangon, wani dattijo dogo da ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu. Aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina zafi, ina mutanen Kano, ina iyali, ina raƙumana. Na ce ba ni da raƙumi ko ɗaya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi idan mutum ya ba da labarin gobara. Wani ya ce Allah ya hore.

Shayin Abzinawa zagaye uku ne, a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi zalla, kuma kowanne a kan garwashi ake dafa shi, a ɗaga buta sama a tsiyayo har ya yi kumfa, a mayar, a sake. Dattijon yakan cusa kofin ta ƙarƙashin amawali ya kurɓa, domin a wurinsu namiji mai mutunci ba ya buɗe bakinsa a gaban baƙo. Ni kuwa na ɗaga nawa na juye a maƙogwaro, na dubi agogo, na miƙe, na gyara murya na ce, "Jama'a, ba tare da ɓata lokaci ba." Sai na ji an riƙe mini gefen wando. Tafinta ne. Ya ce a hankali, "Injiniya, zauna. Ko ɓarawon raƙumi aka kama, sai an gama shayi." Na zauna. Rana ta kusa tsakiya kafin a wanke kofuna.

Na tayar da janareto domin in nuna musu alfanun rabuwa da janareto. Ƙarar farko, raƙuman da ke durƙushe a bayan tanti suka miƙe gaba ɗaya, ɗaya ya tsinke dabaibayi ya nufi gabas, rabin ɗalibaina suka bi shi a guje. Da suka dawo na haska majigi a jikin farin zani, amma hasken rana ya shanye hoton, ba ka ganin komai sai zanin. Ina cikin murɗe-murɗe kwamfuta ta ɗau zafi ta mutu. Na ce ba komai, ilimi a ka yake. Na tsaya na ɗaga yatsa sama na ce, "Ku sani, Allah ya hore wa ƙasarku rana mai ƙarfin gaske." Tafinta ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya fassara. Dattijon ya jinjina kai ya amsa da Hausarsa ta Agadas, "Madalla, ɗan Kano. Mun daɗe muna zargin haka."

Na ɗauka yabo ne, na ci gaba. Na zaro wayata domin in duba inda kudu take, sai na tarar ita ma ta ɗauke. Ina jujjuya ta, wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya tashi, ya je wurin jakinsu, ya kwance wani abu daga jikin akumari ya kawo mini. Ɗan faifan sola ne, bai fi allon makarantar allo ba, da wayar caji mai baki uku. Ya karɓi wayata ya jona, ya jingina faifan da dutse, ya ɗan karkata shi, ya share ƙurar da gefen rigarsa. Na tambaya ko nawa ne, ya ce baƙo ba ya biya.

Ashe kusan kowane tanti akwai irinsa. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, kuma ƙananan nan sun cika kasuwar Agadas tun kafin ƙungiyar da ta turo ni ta gama taron tsara yadda za a gabatar da su. Da dare tafinta ya ƙara mini da wani. Ya ce jami'ar da ya yi a Yamai sunan Farfesa Abdou Moumouni take ɗauke da shi, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, masanin kimiyya da ya jagoranci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, yana ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗumama ruwa da zafin rana. Ya faɗa ne cikin ladabi, yana kallon wuta. Na lissafa a zuci, na ga lokacin ko auren iyayena ba a ɗaura ba.

Amma Injiniya ba ya karaya da wuri. Da safe na tara maza na ce musu ga babbar ƙa'ida: mu da ke arewacin duniya, faifai kudu yake fuskanta, domin kullum rana ta kudu take ratsawa, kuma a karkata shi gwargwadon wurin, a nan kamar digiri 17. Dattijon ya ce, "Kullum?" Na ce kullum, Baba, a littafi yake. Ya ce shi dai abin da ya sani, daga tsakiyar bazara zuwa farkon damina, idan mutum ya tsaya da tsakar rana inuwarsa kudu take ɗan zamewa, kuma inuwa ba ta bin ɓangaren da rana take. Na yi murmushin masu takarda. Sai bayan da wayata ta farfaɗo na zauna na yi lissafi: duk wurin da ke ƙasa da digiri 23 da rabi, akwai watannin da rana ke haurawa arewa da shi. A Agadas haka ne, daga wajen Mayu zuwa farkon Agusta. A Kano ma haka ne, har ya fi daɗewa. Tun haihuwata inuwar nan take bina, ban taɓa waiwayawa na ga inda ta nufa ba. Ƙa'idar fuskantar kudu tana nan daram idan an haɗa shekara gaba ɗaya, sai dai ni ban sami fuskar komawa in yi wannan bayanin ba.

Na huce a kan siminti. Na zaɓi fili mai kyau a tsakiyar zango, na sa aka haƙa ramuka, aka kwaɓa siminti da ruwan da mata suka ɗauko a salka daga nesa, na kafa ƙarafa, na ɗaure faya-fayai da kusoshi, na ce ko guguwa ta zo sai dai ta gaishe su ta wuce. Maza suna ta kallo suna cewa aiki ya yi kyau. Wani ya tambaya ko ƙarafan suna naɗewa. Na ce masa abin da ke naɗewa ai ba aiki ba ne. Ya ce haka ne.

Da magariba na kunna babban ƙwan da na ɗaure a kan sanda, zango ya yi fari fat. Na tsaya a ƙarƙashi ina jiran tafi. Waɗanda suka fara amsa gayyata ƙwari ne, duk na lardin, masu tashi da masu rarrafe, sannan kunamu suka biyo sawun abincinsu. Awaki suka ƙi kwanciya. Dattijon ya aiko a kira ni, ya ce, "Ɗan Kano, fitilarka tana da kyau. Daga tafiyar yini guda mutum zai san inda muke da yawan dabbobinmu. Mu kuma da ke cikinta ba ma ganin taku goma a bayanta." Ya ƙara da cewa mai tsaron dabbobi da dare idonsa da duhu ya saba, kuma da taurari yake sanin saura nawa gari ya waye. Na hau sanda na kwance ƙwan, ina saukowa ina duba inda zan sa ƙafa.

Na ce to, tunda ba a son haske a waje, a kai shi ciki. Na ja waya zuwa tantin dattijon, wani jan tanti na fatun awaki da aka jeme aka ɗinke, na ɗauki ƙusa na huda gefe ɗaya na zura. Ina cikin yaba kyan hujin sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa ba ta buƙatar tafinta: "Kai, wa ya ba ka izinin huda mini ɗaki?" Wata dattijuwa ce, fuskarta a buɗe, hannunta riƙe da ludayi. Na ce, "Inna, ai na gaya wa Baba." Ta ce, "To ka je ka huda rawaninsa."

Na waiwaya neman agaji. Baba ya gyara amawali har ya kusa rufe idanu, ya shiga nazarin wani raƙumi da ke can nesa. Tafinta ne ya ja ni gefe ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun a Agadas. A wurin Abzinawa tanti na mace ne. Danginta mata ne ke haɗa mata shi lokacin aure, da gadon da tabarmin da kayan ciki duka. Namiji shigowa yake yi. Idan aure ya mutu, shi ne zai ɗauki sirdinsa ya fita, ita tana nan da ɗakinta. Ni kuwa na rubuta sunayen maza zalla a takardar ƙungiya, na ce su ne masu kayan, har na yi musu alkawarin satifiket. Inna ta ji wannan ma. Ta ce, "Ranar da na kore shi, da fitilar zai tafi, ya bar mini huji?" Baba ya ƙara ƙura wa raƙumin ido.

Ban gama farfaɗowa ba, wata asuba na farka na ji zango ya cika da kukan raƙuma da ƙarar turaku. Na fito na tarar ana naɗe tantuna, ana ɗora gadaje a kan jakuna. Na tambayi tafinta ko lafiya, ko hari aka kawo. Ya ce lafiya lau, ciyawar wurin ce ta ƙare. Na ce ina za su? Ya nuna kudu da leɓe. Na ce yaushe za su dawo? Ya ce baɗi, in ruwa ya sauka a nan. Kafin hantsi babu abin da ya rage a filin sai kashin awaki, da toka, da tashar wutar lantarkina, tsaye ƙyam cikin siminti, tana tara wuta da gaskiya domin amfanin ƙadangaru. Mutumin nan da ya tambaye ni ko ƙarafan suna naɗewa ya zo wucewa a kan raƙumi, ya ce, "Injiniya, ko guguwa ba za ta taɓa shi ba." Daga ni sai tafinta da sifana ɗaya muka kwance kusoshin a cikin rana. Ƙarafan suna can har gobe, ga duk mai so.

A sabon zango Inna ta karɓe ragamar makarantar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta ce mazan da na horar, nan da wata guda wasu za su bi ayarin gishiri su ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, wasu su gangara kudu neman kuɗi, sai bayan watanni a gan su. Wa zai gyara fitila idan ta mutu, aljanu? Ta tara mata da 'yan mata, ta kuma kirawo maƙerin zangon da matarsa. A wurinsu maƙera su ne masu gyaran komai, maza suna aikin azurfa da ƙarfe da sirdi, mata suna aikin fata. Daga baya na ji cewa wata makaranta a ƙauyen Tiloniya na ƙasar Indiya, wadda Bunker Roy ya kafa a 1972, ta daɗe da gano wannan: kakanni mata waɗanda ba su yi boko ba take ɗauka, ta koya musu haɗa sola cikin wata shida ta hanyar launi da nuni, saboda saurayi in ya sami takarda birni yake tafiya, kaka kuwa tana gida. Su sai da suka yi shekaru suna lura. Inna ta kai ga wannan matsayi tana riƙe da ludayi.

A nan ne, ba majigi ba hular kwano, aka gano cewa ni ma ina da ɗan amfani. Na nuna musu cewa ja da baƙa ba sa haɗuwa, da inda fis yake da yadda ake gane ya ƙone. Na rufe kusurwa ɗaya ta faifai da tafin hannu suka ga wutar ta faɗi warwas, domin ƙwayoyin cikinsa a jere suke, in ɗaya ya shiga inuwa sai ya tare wa sauran hanya. Na ce musu faifai haske yake ci, zafi kuwa cutarsa yake yi: a kan digiri 25 ake auna ƙarfinsa, kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, saboda haka faifan da aka shimfiɗa a kan yashi mai ƙuna har ya kai digiri 65 ya yi asarar kusan kashi 16. A ɗaga shi iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a share ƙura da tsumma mai laushi da sassafe. Batirin dalma kuma kada a zuƙe shi ƙasa da rabi, kada a jona waya kai tsaye a tsallake kwantirola, kada a bar shi a rana. Da na zo kan mataccen batir, na ce kada a fasa shi, kada a yar kusa da rijiya, kada a narka dalmarsa, na ba su labarin yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Maƙerin ya daina murmushi, ya ce shi kam ya sha narka ta. Wannan darasin ba wanda ya yi mini dariya a kansa.

Sauran aikin su suka yi. Maƙeri ya dubi haɗin wayata, ya warware, ya sake yi da hannun da ya saba da zoben azurfa, har na ji kunyar kallon nawa. Matarsa ta ɗinka wa ƙananan faya-fayan jakar fata mai igiya, yadda za a rataya a gefen jaki su yi caji ana tafiya. Batir aka sama masa wuri a inuwa kusa da salka, inda ya fi ko'ina sanyi a tanti. Manyan faya-fayaina da batirin nan mai nauyin ɗan maraƙi, aka yi shawara a mayar Agadas a musanya da ƙanana masu yawa, kowane tanti ya sami nasa. Abin da suke so ba shi da yawa: 'yar fitilar da za a kunna idan haihuwa ta zo da dare ko kunama ta harbi yaro, tocila, rediyo, da cajin wayar da za a ji farashin dabbobi a kasuwa kafin a kora su.

Da na ga martabata ta ɗan dawo, sai na fito da babban makamina. Na ce wa Baba zan rubuta wa ƙungiya a kafa musu famfo mai sola a rijiya, ruwa ya riƙa bulbulowa daga safe zuwa yamma, a huta da wahala. Bai ce komai ba, ya ce in raka shi. Rijiyoyin yankin wasu zurfinsu ya haura mita 50. Guga na fata ne, babba, igiyarsa ta bi ta kan ƙwarƙwaro an ɗaura wa raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa har gugan ya iso baki, wani ya tare ya juye a kwami. Na ce bari in taɓa, domin in san irin wahalar da zan kawar. An ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, amma ba a faɗi hukuncin Injiniya ba. Na naɗe igiyar a hannu, abin da ko yaron goye a wurin ba zai yi ba, yaron ya ce wa raƙumi wani abu, sai ga ni ina bin bayansa a kan ciki kamar buhun gero da ya faɗo daga amalanke igiya ba ta sake shi ba. Da aka tsayar da raƙumin, 'yar rigar ƙyallina ta koma kalar ƙasa, takalmina ɗaya kuma ya riga ni sanin zurfin rijiyar.

Baba ya jira na gama tofar da yashi, sannan ya nuna mini ciyawar da ke kewaye da mu ya ce, "Wannan igiyar da ta ja ka, ita ke tsare wannan." Ya ce rijiya a yini guda iyakar dabbobin da za ta shayar sananne ne, domin hannu na gajiya, raƙumi na gajiya. Wanda ya haƙa shi ke fara sha, baƙo ya nemi izini a ba shi kwana biyu ya wuce. Ta haka dabbobin da ke wurin ba sa fin ƙarfin ciyawar. Ya ce yana yaro, bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnati ta kafa manyan famfuna masu inji a yankin makiyaya, ruwa kyauta ga kowa. Garke ya zo daga ko'ina, aka cinye ciyawa aka tattake saura har tafiyar yini a kewaye. Da farin 1973 ya zo, ya ga shanu sun mutu a bakin kwami cike da ruwa, cikinsu ba ko tsinke. Na 1984 ya maimaita musu karatun. Ya ce, "Injin wancan lokaci ko ba komai mansa yana ƙarewa. Naka fa, yaushe rana za ta ƙare?"

Bai ce ba ya son famfo ba. Ya ce in ana so a yi, sai an fara tara duk masu haƙƙi a rijiyar, Abzinawa da Fulani, a yarda da wanda zai riƙe mabuɗi, da watannin da za a buɗe, da waɗanda za a rufe ko da rana tana tsaga dutse. Tafinta ya ce dokar ƙasar ma ta san da wannan: tsarin dokokin karkara na 1993 ya ba makiyaya fifiko a yankin da suka saba zama, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne. A takardar ƙungiya an ware wa wannan magana layi ɗaya, inda aka ce a rubuta sunan shugaban kwamiti.

Na koma Kano da takalmin aro. A rahoton da na rubuta, wurin da aka tambayi adadin waɗanda aka wayar wa kai, na daɗe ina tauna biro, sannan na rubuta yawan mutanen zangon, na ƙara ɗaya. Ƙungiya ta yaba ƙwarai, ta ce a samu hotunan tashar da aka kafa. Na aika musu hoton ranar da aka gama ta, kafin kowa ya tashi.

Bayan 'yan watanni wata baƙuwar lamba ta Nijar ta kira ni, murya tana yankewa saboda iska. Inna ce, ta hau tudu ta sami sabis. Ta ce fitilu lafiya, fis biyu sun ƙone sun canja, kwantirola ɗaya ya sha ruwan nono maƙeri ya busar da shi ya tashi. Ta ce matan wani zango da suka haɗu a rijiya sun ga abin suna so, ita da matar maƙeri za su je su koya musu bayan sallah. Na gyara zama na ce, "Inna, ke nan ana buƙatar in zo in jagoranci horon." Ta ce a'a, malamai sun isa. Abin da suka rasa shi ne wanda zai riƙa ba yara dariya kada su dami masu karatu, kuma duk zangon an yi ittifaƙi a kaina. Ta ce in zan zo kada in manta da hular nan, domin tun da na bar ta a can suke auna gero da ita, ga shi ta fara tsagewa, ana son sabuwa.